Ƙofar ƙarfe ba ta tare harsashin soja

Edita,

Don Allah ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in ja kunnen 'yan'uwana manoma da 'yan tireda.

Nakan kawo gero da wake Katsina, kuma in na bi ta GRA sai in ga manyan ƙofofin ƙarfe. To, mu ma a ƙauye mun kwaikwaya. Mutum ya sayar da hatsinsa ya kai wa mai walda kuɗin, ya ce ya huta da 'yan bindiga. Wallahi ba haka ba ne. Wannan siririn ƙarfe ɓarawon akuya kawai yake hanawa.

AK-47 tsohuwar bindiga ce, tun 1947 aka ƙera ta a Rasha, amma ba bindigar maharba ba ce. Da yawa daga harsasanta na soja akwai ƙarfe a cikinsu, suna huda ƙofar mota, balle ta mai walda. Kuma tun da Gaddafi ya faɗi a 2011 makaman Libya suka bazu har Nijar, ga Jibiya a bakin iyaka.

Ku dubi sojoji a shingen hanya, buhunan yashi suke jerawa. Katangar ƙasa mai kauri ta fi ƙofar nan kariya. In an ji harbi, a kwantar da yara ƙasa a bayan katanga, kada a laɓe bayan ƙofa.

Ina kuma roƙon Gwamna Dikko Raɗɗa, 'yan sa-kan tsaron da ya kafa a 2023 a wadata su da rigunan sulke, kada a bar su da layu.

Naka,
Manomi ɗan tireda,
daga GRA, Katsina.