Hukuncin Tarar Motar da Ta Hana Shara a Birnin Niyu Yok

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ga bayani bisa wata mas'ala da ke damun Musulmi mazauna birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka. A unguwannin Buronkis da Halam akwai jama'a mai yawa daga Afirka ta Yamma, har da Hausawan Gana da Nijar da Nijeriya, waɗansu na kasuwanci, waɗansu na tuƙin tasi. Da yawansu ba su da wurin ajiye mota sai bakin titi. Sau da yawa mutum kan wayi gari ya iske takardar tara maƙale a gilashin motarsa, wai ya hana shara. To, ya biya ne, ko ya kai ƙara, ko ya yi watsi da ita?

Asalin dokar shi ne, a shekarar 1950 hukumar birnin ta fara hana tsayar da mota a gefe guda na titi cikin sa'o'i sanannu, domin mota mai tsintsiya ta sami hanyar share bakin titin. Wata rana kuma sai a hana a ɗaya gefen. An kakkafa alluna masu hoton tsintsiya, ko wane da ranarsa da lokacinsa, galibi sa'a guda da rabi. Dalili kuwa a fili yake: mota ɗaya in ta tsaya, tilas mai shara ya kewaye ta, dattin da ke wurin ya saura, ruwan sama ya kwashe shi ya cushe magudana, ɓeraye su sami abinci. Dattawan da suka ga zamanin duba-gari a ƙasar Hausa ba za su ga baƙon abu a nan ba.

An ma gwada rage sharar an ga sakamako. A 2020, lokacin annobar korona, aka mai da ita sau ɗaya a mako ga ko wane gefe. Koke-koke suka yi yawa a kan ƙazanta, har Magajin Gari Eric Adams ya komar da tsohon tsari ran 5 ga Yuli 2022.

Tun 2020 tarar wannan laifi dala 65 ce a ko'ina cikin birnin. An ba mai mota kwana 30, ko ya biya ko ya nemi a saurari hujjarsa. In ya yi shiru, sai a ƙara dala 10. Bayan kwana 60 a ƙara 20, bayan kwana 90 a ƙara 30, watau 65 ta zama 125. Wajen kwana 100 sai a yanke masa hukunci a bayan idonsa, kuɗin ruwa na tara bisa ɗari a shekara ya fara hawa kan bashin. Idan bashin da aka yanke ya haura dala 350, hukuma na da ikon sa wa ƙafar motar mari, ko janwe ya ɗauke ta. Ga mai tasi ko mai kai kaya kasuwa, wannan tsayar da abinci ne gaba ɗaya.

Daga nan za a gane cewa watsi da takardar ba ya cikin zaɓin mai hankali, balle mai tsoron Allah. Malamai sun sani cewa la'anar riba ba ta tsaya ga mai ci kaɗai ba, ta haɗa da mai ciyar da ita. Wanda aka tilasta masa yana da uzuri. Amma wanda aka ba shi wata uku da ɗoriya, yana da halin biya, ya zauna har ruwa ya hau kansa, da wace hujja zai ce an tilasta shi? Sakacinsa ne ya kai shi. Kuma jinkirin mai hali wajen biyan abin da ke wuyansa, malaman fiƙihu sun lissafa shi cikin zalunci.

Wani zai ce, ai malamai sun saɓa game da halaccin horo da dukiya, kuma wannan hukuma ba ta Musulunci ba ce. Saɓanin gaskiya ne, amma ya shafi mai hukunci ne, ba ya zama lasisi ga wanda ya shiga ƙasa da amana. Duk wanda ya karɓi izinin zama, ya karɓi lasin tuƙi, ya yi wa motarsa rajista, to, ya ɗauki alkawarin bin dokar hanya, cika alkawari kuwa wajibi ne ko da wa aka ƙulla shi. Daɗin daɗawa, gusar da cuta daga hanya aiki ne da shari'a ta kwaɗaitar a kansa, kuma a littattafan hisba kula da hanyoyi da kasuwanni na cikin aikin muhtasibi. Ba ya kyautu a ce Musulmi ne ya zama cutar da ake neman gusarwa.

Wani kuma zai ce hukuma kuɗi take nema, ba tsabta ba. Wannan zargi yana da tushe, gama birnin na tara ɗaruruwan miliyoyin daloli ko wace shekara daga tarar motoci iri-iri. Amma mutanen birnin ta hanyar majalisarsu suka yi gyara, ba ta ƙin biya ba. A 2009 majalisar ta kafa dokar rangwamen minti 5 bayan shigar lokacin hani. A 2012 ta hana manna wa gilashin mota wata takardar kunyatarwa mai wuyar ɓarewa. Duka biyu Magajin Gari Michael Bloomberg ya ƙi amincewa, majalisa ta rinjaye shi.

Shi kuwa wanda aka zalunta, ƙofar ƙara a buɗe take, kuma neman hakki ba rashin tawakkali ba ne. Ma'aikatar kuɗi ta birnin tana da alƙalai masu sauraron irin wannan, ta wasiƙa, ko ta intanet, ko mutum ya je da kansa. Hujjojin da kan karɓu sanannu ne. Dokar jihar ta wajabta a rubuta lambar mota da irinta da rana da lokaci da wuri daidai. In an bar ɗaya ko an yi kuskure, mai mota na iya neman a soke takardar. Haka in an rubuta ta cikin mintocin nan 5, ko a ranar da aka ɗage dokar, ko kuwa babu allo a wurin. Sai dai da'awa ba ta tsayawa sai da shaida: mai cewa babu allo ya kawo hotunan gefen titin tun daga kusurwa har kusurwa. In hukunci bai gamsar da shi ba, yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara.

Akwai kuma abin da mutane ke zato hujja ce, alhali ba ita ba ce. Wucewar motar shara ba ta kawar da hani, sai lokacin da ke rubuce ya cika. Jera mota a gefen wata don jiran mai shara laifi ne dabam, tararsa dala 115, ko da maƙwabta sun saba yi. Hukuma takan ɗage dokar shara a bukukuwan Yahudu da Nasara, da Ƙaramar Salla da Babbar Salla, wannan kuwa adalci ne da ya cancanci yabo. Amma ranakun da ta buga a kalandarta take bi, ba ganin wata na ko wane masallaci ba, kuma a ranakun Salla biyan kuɗin mita bai faɗi ba. Mai shakka ya buga lamba 311 ya tambaya. Wanda kuwa ya san ya yi laifi, sa'an nan ya ƙaga ƙarya ko ya kawo hoton wani titi, ya sayar da gaskiyarsa a kan dala 65, ya shiga babin shaidar zur. Wane ɗan kasuwa ne zai yarda da wannan ciniki?

A ƙarshe ga abin lura. Malaman tattalin arziki biyu, Raymond Fisman da Edward Miguel, sun buga bincike a 2007 bisa ma'aikatan jakadanci na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda kariyar aikinsu ta hana a hukunta su. Daga 1997 zuwa 2002 sun tara takardun tara fiye da 150,000 ba biya, kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. Kuwait da Masar da Cadi da Sudan na sahun gaba. Da aka fara ƙwace lambar motar masu taurin bashi a ƙarshen 2002, laifin ya ragu da fiye da 90 bisa ɗari. Ashe ba rashin hali ba ne, rashin bulala ne. Abin kunya ne ga al'ummar da ke karanta babin amana tun a makarantar allo a ce sai da tsoron hukuma take cika ta.

Sabo da haka hanya biyu ce tak, kuma duka cikin kwana 30: mai laifi ya biya, mai gaskiya ya kai ƙara da shaidarsa. Iyaye da malaman da ke da 'ya'ya da almajirai a can, ya kamata su isar musu da wannan nasiha, in kunne ya ji jiki ya tsira. Allah Ya tsare dukiyar Musulmi daga riba, Ya tsare harsunansu daga ƙarya. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu.