Rawaya a Ɗaki, Rawaya a Tsakar Gida

A wannan fitowa filin namu zai tsaya ne a kan launi guda, wato rawaya, da yadda iyali za su shigo da shi ɗaki da tsakar gida ba tare da sun shigo da cuta tare da shi ba.

Duk sunayen da Bahaushe ya laƙaba wa wannan launi daga daji da akurki ya samo su. Ruwan ɗorawa daga garin nan ne na cikin ɗorawa, wanda yara kan sha har leɓɓansu su rine. Ruwan ƙwai kuwa gwaiduwa ake nufi. Ita kanta kalmar rawaya sunan wani tsiro ne na daji mai kaurin saiwa, wanda yakan fid da manyan furanni dab da ƙasa da rani, sau da yawa bayan wutar daji ta wuce, tun ganyensa bai tohu ba. Saiwarsa ce marina da dukawa suke dakawa su rina zare da fata. Ashe launin ba baƙo ba ne a gidajenmu. Iyayenmu mata sun san shi a jeren ɗaki, a tasoshin tagulla da ake gogewa da toka da tsamiya har su riƙa ɗaukar ido, da faifai da tabarmar kaba rinanniya, da tumtum na fata aikin dukawa. Wanda kuma ya taɓa ganin tsohon garin Agadas da la'asar sakaliya, garin da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a shekarar 2013, ya san yadda ginin ƙasa zalla kan koma ruwan zinariya idan rana ta sunkuya a kan hasumiyar masallacinsa mai tsawon mita 27. Babu ko gwangwanin fenti ɗaya a cikin wannan kyau.

A ganinmu, rawaya iri biyu ce a wajen adon ɗaki, kuma kowace da muhallinta. Mai haske-haske, wadda ta yi kusa da launin rairayi ko man shanu, ita ta dace da bango. Yawancin ɗakunanmu ƙananan tagogi gare su saboda zafi da ƙura, to wannan launi yakan mayar da ɗan hasken da ya shigo, ɗaki ya yi kamar ya ƙara faɗi. Ga shi kuma ƙurar hunturu ba ta saurin tona masa asiri kamar yadda take yi wa farin bango. Amma rawaya mai ƙarfi, irin ta gwaiduwa, kamar yaji take a miya: kaɗan ke daɗi. Labule ɗaya, ko matasai biyu a kan kujera, ko zanen gado, sun wadatar. Wanda ya shafe bango huɗu da ita, ba zai yi wata guda ba idonsa zai gaji, musamman a watan Afrilu lokacin da zafin Yamai da Garwa da Njamena ke wuce digiri 40. Abokin tafiyarta na asali shi ne shuɗin baba, sai kuma koren ganye mai rai. Furannin roba dai, da suka cika ɗakunan amare, ba mu ga abin da suke ƙarawa ba in ban da wurin kwanciyar ƙura.

Sai mu zo ga fenti, inda magana take da nauyi. Shekaru aru-aru masana'antu suna samar da rawaya mai ƙyalli ta hanyar wani sinadari mai ɗauke da dalma, wanda ake kira jaune de chrome da Faransanci. Shi ya sa a binciken da ake yi wa fentin kasuwa a ƙasashe daban-daban, rawaya da ruwan lemo da ja su ne kan fito da dalma mafi yawa, kuma a fentin mai ne abin ya fi ƙamari, irin wanda muke shafa wa ƙofofi da tagogin ƙarfe da gadaje da gindin bango. A Kamaru, wani bincike da aka buga a 2013 ya auna fenti 61 da aka sayo a kasuwa, ya tarar kusan kashi biyu cikin uku sun haura ma'aunin dalma 90 cikin miliyan. A 2017 ƙasar ta kafa doka wadda ta hana wuce wannan ma'auni. Sai dai doka ba ta kankare tsohon fentin da ke jikin ƙofa, kuma ba kowace ƙasa ce take sa ido a kan abin da ke shigowa kasuwanninta ba.

Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu sanadiyyar ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ta fenti ba ta yin irin wannan kisa na farat ɗaya. Sannu a hankali take aiki. Fenti ya tsufa, ya ɓare, ya zama ƙura a ƙasa, yaro mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Ba zazzaɓi, ba ƙurji, amma dalma na taruwa a jini tana taɓa ƙwaƙwalwa, sai bayan shekaru a ga yaro ba ya riƙe karatu, a yi ta ɗora masa laifin wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Saboda haka maigida, idan za ka sayi fentin cikin ɗaki, ka nemi na ruwa. Idan dole sai na mai, ka karanta jikin gwangwani ka ga ko an rubuta sans plomb, kada ka yarda da wanda ake aunawa a kwalba ba suna ba takarda. Tsohon fenti kuma kada a goge shi a bushe. A jiƙa shi tukuna, a fitar da yara da masu juna biyu daga wurin, a kwashe ɓarɓashin, sannan a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

A tsakar gida kuwa, rawaya ba ta bukatar kuɗi. Ƴaƴan soso biyu ko uku a gindin darni da farkon damina sun isa su lulluɓe shi da furanni kamar an watsa zinariya, daga baya kuma a sami abin wanka da wanke-wanke. Kabewa ta hau rumfa ta buɗe manyan furanninta da sassafe. Kuɓewa ma, da muke kallo a matsayin kayan miya kawai, furenta na daga cikin mafi kyau da Allah Ya yi: rawaya mai taushi da jan ɗigo mai duhu a tsakiya, ya buɗe yau ya rufe yau. Uwargida ta lura, kabewa furanni iri biyu take yi, namiji da tamace, kuma tamacen ita ce mai ɗan ƙullutu a gindi. Ƙudan zuma ne ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa waccan, don haka wadda ta fesa maganin ƙwari da safe ta kori ma'aikatanta, sai ta ga ƙullutun ya yanƙwane ya faɗi. Mai son fure don ado kawai, ga œillet d'Inde, ɗan asalin Meziko, wanda ake shukawa da iri a tukunya ko tsohon bokiti da sanyi, cikin wata biyu ya fara fure. Mai fili kuma a ƙasashen da ruwa ya ɗan wadata, kamar Gaya ko Garwa, ya dasa marga. Ƙarshen rani, lokacin da komai ya bushe ya yi fari, ita kuma sai ta sako zangarnun furanni suna reto kamar kayan kunnen amarya.

Akwai dai wata shuka mai rawayan fure da muke roƙon iyaye su san ta da kyau, domin kyanta kyan ɗan maciji ne. Masu sayar da shuke-shuke na kiranta thévétia ko laurier jaune. Ƙaramin itace ne mai siraran ganye dogaye masu sheƙi, furensa kamar ƙaramin mazurari, idan aka karya reshe sai farin ƙaro ya fito kamar madara. Ƴaƴansa korra ne masu kusurwa, da ƙwallo mai tauri a ciki. Daga nahiyar Amurka aka kawo shi, ya kuma sami karɓuwa a garuruwanmu saboda yana jure fari, dabbobi ba su cika kula shi ba, shi ya sa ake yin shinge da shi a ƙofar gidaje da ma'aikatu. To, daga saiwa har fure babu inda ba guba a jikinsa, gubar kuma zuciya take kamawa ta rikita bugunta. Ƙwayar cikin ƙwallon ta fi kowane sashe haɗari, ɗaya ko biyu na iya halaka ƙaramin yaro. A ƙasar Sirilanka, a shekarun 1990, dubban mutane ne ake kaiwa asibiti kowace shekara saboda ita. Ɗan uwansa mai jan fure, laurier rose, shi ma haka yake. Gidan da ke da yara ƙanana gara a tumɓuke shi, da safar hannu, kuma kada a yi asuwaki ko tsinken nama ko makamashi da itacensa. Idan yaro ya haɗiyi ƙwayar, kada a tsaya ba shi madara ko manja ana jiran a ga abin da zai faru, domin alamun kan yi jinkirin sa'o'i. A garzaya da shi asibiti, a tafi da reshen don likita ya gani.

Mun ce rawaya na son koren ganye a kusa da ita, kuma wani koren da ake samu wurin masu sayar da shuke-shuke a bakin titi shi ne fougère. Wannan dangin tsiro ne na cikin kurmi, masu ganye kamar gashin jimina, kuma jinsinsu ya haura 10,000 a duniya. Ba sa fure, ba sa ƴaƴa. Masu magungunan gargajiya na da sun san saiwar wani daga cikinsu da sunan agugu, maganin tsila. A dazuzzukan Faransa akwai irin da kan rufe ƙasa a ƙarƙashin itatuwa, idan kaka ta yi ya rikiɗe ya koma rawaya sannan ruwan ƙasa, kuma hotunan wannan yanayi ne kan cika kalandu da mujallun ado. A nan kusa da mu, ana samun danginsu a tsaunukan Adamawa da kurmin kudancin Kamaru, wasu ma a jikin itacen kwakwar manja suke tsirowa.

Sanin asalinsu shi ke gaya mana abin da suke so: inuwa, da iska mai laima, da ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye wadda ba ta bushewa ƙayau. A Ngaundere, inda ruwan shekara kan kai milimita 1,500, wannan ba wuya. A Damagaram ko Tawa, inda ba a cika samun sulusin haka ba, ga kuma iskar hunturu mai tsotse laima har leɓe ya tsage, renon fougère sai mai haƙuri. Wadda ta ajiye tata a tsakiyar rana kusa da kuɓewa, kwana uku sun yi yawa. Wurin da ya fi dacewa da ita a gidan Bahaushe shi ne gindin randa. Can ne inuwa take, can ne kuma randa ke tsatsafo da ruwa dare da rana, iskar wurin ta yi sanyi. A sa ta a tukunyar ƙasa mai huji a gindi, a cakuɗa rairayi da ruɓaɓɓen ganye ko tsohon taki, a riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan kullum, da hunturu kuma a riƙa yayyafa wa ganyen safe da yamma. Ruwan sabulu da ruwan rijiya mai kanwa ba su karɓe ta ba. Wadda ta tari ruwan sama ta ajiye mata, ta gama mata komai.

Rawayar da ta bayyana a ganyen fougère ɗin tukunya kuwa, ba irin ta kalanda ba ce, ƙorafi ne. Idan bakin ganyen ya yi rawaya yana ƙeƙashewa, rana ce ko bushewar iska, sai a matsar da ita cikin inuwa. Idan ganyen duka ya yi rawaya ya yi laushi alhali ƙasar na jiƙe sharkaf, ruwa ne ya yi yawa saiwa ta fara ruɓewa, a duba hujin tukunya ko ya toshe. Idan sababbin ganye ne ke fitowa fari-fari, a tuhumi ruwan da ake ba ta ko tokar da aka zuba mata da sunan taki. Tsohon ganye ɗaya ko biyu na ƙasa da suka yi rawaya ba komai ba ne, tsufa ne, a yanke su daga tushe da almakashi.

Wani abu kuma da kan tayar wa mata hankali shi ne ƙananan ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa da kan jeru reras a bayan ganyen. Da yawa sukan ɗauka ƙwari ne ko cuta, su kankare ko su fesa magani. Wannan shi ne irinta. Garin da ke cikin ɗigon ne iska ke ɗauka, in ya faɗa wuri mai laima ya tsiro. Ƙwarin da ke manne wa ganye a warwatse suke zama, har a kan kara, waɗannan kuwa a jere suke bisa tsari, kuma a bayan ganye kaɗai. Fougère ɗin da ta yi su ta ji daɗin wurin da aka ajiye ta, sai a bar ta a nan.