Haƙƙin masu shara a kanmu

Duk wanda ya ratsa kasuwar Jega da magariba ranar da ta ci, sa'an nan ya dawo da hantsin washegari, ya ga alamar wani aiki ko da bai ga ma'aikatansa ba. Ledoji da ɓawon rake da kashin dabbobi ba sa tashi da kansu. Haka abin yake a Aliero lokacin kakar albasa, inda ruɓaɓɓiyar da aka tsince ke taruwa tsibi-tsibi, haka kuma a bakin titin Maiyama. Akwai bayin Allah, maza da mata, mafi yawansu masu ƙaramin ƙarfi, da ke fitowa da tsintsiya da shebur da baro tun kafin kiran assalatu, domin idan gari ya waye motoci da babura ba za su bar su su yi aikin ba.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wani dattijo da ya daɗe yana sallah a sahun farko a masallacinmu. Da rayuwa ta yi tsanani ya karɓi aikin kwashe shara, daga nan muka daina ganinsa da asuba, da azahar kuma sai ya raɓe a ƙarshen sahu, ya fice da zarar an sallame. Da muka tambaye shi, ya ce yana tsoron warin jikinsa ya cutar da masallata, kuma bai san ko sallarsa tana inganta ba. Kunya ta kama mu, domin mun yi huɗubobi da yawa a kan tsafta, ba mu taɓa yin guda a kan masu yi mana ita ba.

Mu fara da hukunci, don zuciyarsa da ta irinsa su natsu. Ba kowace dauɗa ce najasa ba. Ƙura da toka da ruɓaɓɓen kayan miya dauɗa ce, amma ba ta ɓata sallah. Najasa ita ce irin fitsari da bayan gidan ɗan Adam da jinin da ya kwarara da mushe, kuma mai yashe kwata lalle yana haɗuwa da su. Maganin abin mai sauƙi ne: ya ware tufafin aiki daban, ya riƙe riga da wando masu tsarki a leda, ya wanke inda najasar ta taɓa, ya yi alwala. Malamanmu na Malikiyya sun rataya wajabcin gusar da najasa a kan tunawa da iko, saboda haka wanda ya manta ko ya kasa ba a ce sallarsa ta ɓaci ba, an dai so ya sake ta idan lokaci bai fita ba. Asuba kuwa ba ta faɗuwa saboda aiki. Idan jam'i ya kuɓuce masa, ya tsaya a wuri mai tsarki ya yi raka'o'insa biyu kafin rana ta fito. Shugaban ma'aikatan da ya hana minti goma domin wannan ya ɗauki nauyin da ba zai iya saukewa ba.

Azumi ya fi wuya. Mai aikin ƙarfi ba ya kwana da niyyar shan ruwa don kawai aikinsa mai nauyi ne. Yana ɗaukar azumi, ya fita, idan wahala ta kai shi inda yake jin tsoron cutuwa sai ya sha, ya rama daga baya. Amma me zai hana a mayar da aikin Ramadan zuwa bayan tarawihi ko bayan sahur, tunda zafin Afrilu da Mayu a ƙasar Kebbi yakan haura digiri 40?

Jiki ma yana da haƙƙi. Masana lafiya sun tabbatar cewa jikin mutum yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aikin ƙarfi cikin zafi, kuma kwanakin farko su ne mafi haɗari. Sabon ma'aikaci bai kamata a ɗora masa cikakken rabo ranar farko ba. Ya riƙa shan ruwa kafin ƙishirwa ta kama shi, ya durƙusa da gwiwa wajen ɗaukar kaya maimakon sunkuyawa da gadon baya, ya kwanta bayan isha'i ya bar hirar dare, ya samu ƙailula. Jiri da ciwon kai da murɗewar jijiya gargaɗi ne a nemi inuwa, ba ragwanci ba ne. Cikin bola kuma akwai fasasshiyar kwalba da tsatsar ƙarfe da alluran da masu shagon magani ke watsarwa, waɗanda ke iya jawo sarƙewar haƙora da ciwon hanta, alhali duka biyun suna da rigakafi. Garin da ke da kwalejin koyon aikin lafiya kamar Jega bai dace a ga mai yashe lambatu a cikinsa da hannu tsirara da silifa ba. Ɗaliban duba-gari na wannan kwaleji za su iya mayar da duba lafiyar masu shara wani sashe na horonsu.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwashe shara a kan ƙananan hukumomi, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. A watan ne aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70. Muna roƙon shugabannin Jega da Aliero da Maiyama su duba nawa masu sharar da aka ɗauka na wucin-gadi ke karɓa, kuma yaushe suke karɓa, su kuma sayi safar hannu da takalman roba da takunkumi. Annabi (SAW) ya yi umarni a gaggauta biyan ɗan ƙwadago, ya kuma hana a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya tuna annobar amai da gudawa ta 2021, wadda ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, ya san cewa kuɗin takalmi bai kai kuɗin jinya ba.

Saura mu masu gidaje. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) labarin wata baƙar mata da ke share masallacin Madina. Ta rasu, sahabbai suka rufe ta ba su sanar da Annabi (SAW) ba, kamar sun raina sha'aninta. Da bai gan ta ba ya yi cigiyarta, ya nuna bai ji daɗin ɓoye masa ba, ya ce a kai shi kabarinta, ya yi mata sallah. Mu kuwa 'ya'yanmu ne ke toshe hanci idan mai baro ya gifta, mu ne ke aiken yaro ya juye shara a kwata da dare, sai mutum ya shiga cikinta har gwiwa da safe. A naɗe fasasshiyar kwalba da reza a takarda kafin a zubar, kada a haɗa ƙunzugun jarirai da sauran shara a buɗe, a miƙa wa mai aiki ruwan sha da sallama.

A namu masallacin mun ajiye randa da sabulu a bayan wurin alwala, da ƙusa uku a bango domin rataye tufafin aiki. Dattijon nan ya dawo sahun farko da azahar. Asuba har yanzu a bakin kasuwa yake yin ta, a kan buhu.