Farantin Tangaran Da Masu Romon Baka

A ƙasar Amurka akwai tsofaffi da yawa waɗanda suka shekara ashirin ko talatin suna tara farantan tangaran masu zane, suna jera su a bango, suna tsammani dukiya suke tara wa 'ya'yansu. Da suka kwanta dama, magada suka kai kayan kasuwa, sai aka taya da abin da bai kai rabin kuɗin saye ba, wasu ma ba a ko taya ba. To, laifin wa? Laifin 'yan kasuwar da suka sayar da kayan ado da sunan jari ne, sa'an nan da kwaɗayin masu saye.

Asalin tangaran dai mutanen Sin ne suka fara yinsa, Turawa kuwa suka daɗe ba su gane asirinsa ba. Sai a 1710 aka kafa masana'antarsa a garin Meissen na ƙasar Jamus. A zamanin nan tangaran dukiya ce ta gaske, har a 1717 Sarki Augustus na Sakisoni ya ba Sarkin Furushiya sojan doki 600 a bakin tangaran na Sin guda 151. Dalili kuwa a fili yake: kayan kaɗan ne, masu nema sarakuna ne.

Farantin da ake yi domin tarawa ya samo asali ne a ƙasar Denmak. A 1895 kamfanin Bing & Grøndahl ya fitar da faranti mai launin shuɗi da fari domin bikin Kirsimeti, ya riƙa fitar da sabon zane kowace shekara. A 1908 kamfanin Royal Copenhagen ya bi sahu. Farantin 1895 yana da tsada har yanzu, domin kaɗan aka yi, kuma ba duka suka tsira daga fashewa ba.

Wannan tsadar ita 'yan kasuwar Amurka suka hango. A 1973 wani mutum mai suna J. Roderick MacArthur ya kafa kamfanin da aka sani da Bradford Exchange a wajen birnin Shikago. Ba sayar da faranti kaɗai yake yi ba, har jerin farashi yake bugawa, yana haɗa mai saye da mai sayarwa, kamar yadda ake yi a kasuwar hannun jari. Wasu kamfanoni irin su Franklin Mint su ma suka cika jaridu da talla. Kowane faranti yakan zo da lamba a bayansa, da takardar shaida, da alkawarin cewa adadinsa ƙayyadadde ne.

A nan dabarar take. Sau da yawa ba yawan farantan aka ƙayyade ba, kwanakin gashi aka ƙayyade, a ce kwana 100 ko 150. Tanderun masana'anta kuwa yana iya gasa ɗaruruwa a yini guda. Ashe wanda ya sayi faranti yana taƙama da lambarsa, dubban mutane suna da irinsa. Har wa yau, yawancin zanen ba da hannu aka yi shi ba, injin ɗab'i ne ya buga hoton, aka manna, aka gasa. Kuma da yake kowa ya ɓoye nasa a cikin kwali bai ci abinci da shi ba, ba su fashe ba balle su yi ƙaranci.

Asiri ya tonu bayan 1995, sa'ad da aka buɗe kasuwar eBay a intanet. Kowa ya fito da nasa, masu sayarwa suka yi yawa, masu saye suka yi ƙaranci, gama samarin zamani ba su damu da ado irin na kakanninsu ba. Farantin da aka saya dala 30 sai ya koma dala 5 ko 10.

Wani zai ce, ai ba a tilasta wa kowa ba, kuma akwai waɗanda suka ci riba. Gaskiya ne, waɗanda suka sayar da wuri, tun kasuwa tana ci, sun samu. Amma ribarsu daga aljihun na baya ta fito, na baya kuwa shi ne ya kwana a ciki. Wanda kuma ya sa kwanakin gashi a madadin adadi ya san sarai abin da yake so mai saye ya zata. Ko bai yi ƙarya da baki ba, ai ya yi ta da nufi.

Matan ƙasar Hausa sun san jere, sun kuma san yayi yakan wuce. Amma kwanon jere, ko yayinsa ya wuce, ana zuba tuwo a ciki. Waɗannan farantai kuwa da yawansu an rubuta a bayansu kada a ci abinci da su, saboda dalma da sauran guba da ke cikin fentin.

Saboda haka wanda ya ga faranti ya ba shi sha'awa, ya saya ya rataye, ba shi da laifi, ya biya kuɗin kallo. Amma wanda aka ce masa ya saya domin gobe zai yi tsada, sai ya yi tambaya biyu: guda nawa aka yi, kuma wa zai saya a hannunsa? In mai talla ya amsa da kwanaki maimakon adadi, to, ya riƙe kuɗinsa.