Yadda A Ke Kasa Ƙasashen Duniya Aji Aji

 Yau ina so in yi muku bayanin yadda masanan labarin ƙasa su ke kasa ƙasashen duniya aji aji, gama sunan da aka laƙaba wa ƙasa ba abin wasa ba ne.

Cikin 1952 wani Bafaranshe, Alfred Sauvy, ya ƙago sunan nan Duniya ta Uku. Ta fari ita ce Amurka da ƙawayenta, ta biyu Tarayyar Sobiyet da mabiyanta 'yan gurguzu, ta uku kuwa sauran matalautan ƙasashe. Da Tarayyar ta wargaje cikin 1991, sai wannan lissafi ya rasa gindin zama. Cikin 1980 kuma kwamitin Willy Brandt, tsohon shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, ya raba duniya biyu: Arewa mawadata, Kudu matalauta. Amma sai da layin ya karkace ya ɗebo Ostareliya, wadda ta ke can kudu, ya gama ta da Arewa.

Wani malami Ba'amurke, Immanuel Wallerstein, ya dubi ciniki cikin 1974. A ganinsa akwai ƙasashen cibiya masu masana'antu, da na gefe masu sayar musu da ɗanyen kaya kamar auduga da kuza, da na tsaka-tsaki.

Bankin Duniya kuwa aji huɗu ya yi, ya kan sabunta su kowane Yuli. Arzikin da ƙasa ta samu a shekara ya ke rabawa bisa yawan mutanenta. Nijar tana ajin ƙasa, Nijeriya tana na bisansa. To, a nan sai a lura. In attajiri ya ci kaji goma, maƙwabtansa tara suka kwana da yunwa, lissafi zai ce kowa ya ci kaza guda. Ga shi kuwa da irin wannan awo a ke duba wadda ta cancanci rance mai sauƙi.

Kada kuma a zaci aji gado ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara jerin ƙasashe mafi rauni cikin 1971, Botswana ta fita daga ciki cikin 1994.

Saboda haka, 'yan'uwa, in kun ji an kira ƙasarku da wani suna, ku tambayi mudun da aka auna ta da shi, da wanda ya riƙe mudun. Allah ya sa mu gane, amin. Haza wasalam.

Naku,
Wani Akawu