Furannin Ƙasarmu: Don Me Muke Kiransu Ciyawa?

'Yan'uwa ɗalibai, za mu fara da wata 'yar tambaya, kowa ya amsa wa kansa. A ƙarƙashin fararen dawakan nan biyu na tambarin Nijeriya akwai wasu furanni da aka zana bisa koriyar ciyawa. Kullum muna ganinsu a jikin kuɗi da fasfo da takardun gwamnati. To, mutum nawa ne daga cikinmu ya san sunan furen nan, balle a ce ya taɓa ganinsa da idonsa? Masana tsirrai suna kiransa Costus spectabilis, Bahaushe kuwa ya ce masa takalmin zomo. Ganyensa huɗu ne, fala-fala, suna kwanciya a ƙasa, furen ya ɓullo daga tsakiyarsu da damina. A tambari ja aka zana shi, alhali kuwa a daji launinsa rawaya ne. Tun 1960 muke ɗauke da wannan fure a matsayin alamar ƙasa, amma da yawanmu za su taka shi su wuce ba su san abin da suka taka ba.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne wata ziyara da mu kaɗan muka kai lambun tsirrai na jami'armu ran wata Asabar cikin watan Agusta. Ba wani babban dalili ya kai mu ba, hayaniyar ɗakin kwana ce ta kore mu. Ba mu tarar da kowa ba sai ɗalibai biyu suna haddar darasi a gindin tsamiya, da wani dattijo mai aikin lambun yana wasa lauje. Da muka nutsa ciki, sai muka ga ashe muna zaune shekara da shekaru kusa da abin kallo ba mu sani ba. Ga baurairai ya naɗe reshen geza, furensa ja da rawaya, ya lanƙwashe baya kamar harshen wuta. Ga bado ya buɗe fari fat a kan kududdufi. Marai suna ta saƙa a bisa giginya, cilakowa tana kuka daga nesa, kurege ya tsaya da ƙafa biyu yana kallonmu kamar mu ne baƙin. Wata hawainiya ta yi kusan minti goma kafin ta ƙetare 'yar hanyar da ba ta fi taki biyu ba, mu kuwa muka tsaya muka jira ta, ba wanda ya yi ƙorafi.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai kunya ce. Duk abin da muka nuna, sai mun juya mun tambayi dattijon nan, wanda bai taɓa shiga aji ba. “Baba, mene ne wannan?” Sai ya faɗi sunan, ya faɗi watan da yake fure, da tsuntsun da yake zuwa kansa, da amfanin da ake yi da shi. Shi ya gargaɗe mu cewa baurairai da duk kyansa dafi ne, kada a kuskura a kai shi baki. Mu da ake kira masu ilmi, waɗanda za su iya zayyana kogunan Turai da sarakunan Ingila, muka kasa faɗin sunan itatuwa goma daga cikin waɗanda kakanninmu suka rayu da su.

Wannan jahilci ba daga sama ya faɗo ba, yana da tarihi. Turawan mulkin mallaka sun kafa lambunan tsirrai a Afirka ta Yamma, amma ba don su koya wa ɗan ƙasa darajar abin da ke dajinsa ba. Lambun Aburi a ƙasar Gana, wanda aka buɗe a 1890, da na Biktoriya, wato Limbe ta yau a Kamaru, wanda Jamusawa suka kafa a 1892, wuraren gwajin koko ne da roba da sauran amfanin da masana'antun Turai suke buƙata. Babban lambunsu na Kew a London shi ne cibiyar wannan fatauci. Can aka kai irin roba wajen 70,000 daga Barazil a 1876, daga nan aka yaɗa shi zuwa ƙasashen Asiya. Gaskiya ne a cikinsu an sami irin su Likita Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916. Sai dai mu tambayi kanmu, daga bakin wa ya ji sunayen? Daga bakin manoma da mafarauta da masu magani, irin dattijon lambunmu. Baƙo ya ga ilmin ya isa a rubuta, mu jikokin masu shi muka ga ƙauyanci ne.

Turawa sun tafi, amma idon da suka bar mana yana nan. Ku dubi harabar kowace ma'aikata da kowace makaranta. Abin da ake shukawa a kira shi ado duk baƙo ne: itacen turare daga Ostareliya, malaina da darbejiya daga ƙasashen Indiya, boganbiliya daga Kudancin Amurka. Abin da ƙasa ta fitar da kanta kuwa, sunansa ciyawa, hukuncinsa lauje ko ashana. Kada a fahimce mu a karkace, ba gaba muke yi da darbejiya ba. Tun da aka fara dasa ta a Lardin Barno a 1928 take ba talaka inuwa a inda wasu itatuwan suka gaza, duk wanda ya bi titunan Maiduguri da rani zai gode mata. Abin da muke cewa shi ne, baƙo ya kamata a ba shi masauki, ba a kori mai gida dominsa ba. Unguwanninmu da garuruwanmu ma shaida ne: Ɗorayi da Giginyu da Kurna a Kano, Unguwar Rimi a Kaduna, Kukawa a Barno, duk sunayen itatuwa ne. A wurare da yawa sunan ne kaɗai ya rage, itacen ya daɗe da shiga murhu.

Akwai ƙasar da ta bi wata hanya dabam, kuma ya kamata mu dube ta. A 1913 aka kafa lambun Kirstenbosch a gefen Dutsen Tebur, kusa da birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, da niyyar a tara tsirran ƙasar kawai, a kula da su, a nuna wa jama'a. Faɗinsa hekta 528 ne, amma 36 kacal aka gyara aka shuka, sauran an bar shi daji yadda yake, da tsuntsayensa da ƙananan namunsa. Ana renon iri fiye da 7,000 a ciki, kuma a 2004 Hukumar UNESCO ta sanya yankin da yake ciki a jerin wuraren tarihi na duniya. Ba mu manta da baƙin zaluncin da aka yi a ƙasar nan ba har zuwa 1994, kuma filin kansa daga hannun ɗan mulkin mallaka Cecil Rhodes ya fito. Duk da haka darasin yana nan: mutane suna tasowa daga ƙasashe masu nisa, su biya kuɗi, don su kalli abin da a wurin mutanen can furen jeji ne kawai. Ba su aro furen kowa ba, nasu suka daraja.

Mu ma ba mu rasa abin nunawa ba. Wanda ya ce ƙasar Hausa ba ta da furanni, bai fita ya duba ba ne. Da sanyin hunturu, lokacin da ko'ina ya bushe, gurjiya takan zubar da ganye ta cika da jajayen furanni, minjirya ma haka. Bayan wuta ta ci daji, sai rawaya ta ɓullo daga cikin toka, furenta a manne da ƙasa. Daga saiwarta ake samun rini, kuma sunanta ne muke kiran launin da shi har yau. Da bazara ɗorawa takan sako jajayen dunƙule masu reto kamar tuntun hula, gauɗe kuma, wanda kakanninmu mata suke kwalliya da shi, ya cika wuri da ƙanshi. Ruwan fari na sauka sai albasar kwaɗi ta fito, shamuwa ta dawo daga kudancin Afirka ta sanar da manomi cewa damina ta kama. Da kaka kyasuwa da gamba su yi kai, iska tana kaɗa su. Babu watan da zai wuce ba abin kallo.

Kuma maganar ta wuce ta kyan gani. Tsiron ƙasa da dabbar ƙasa tare suka taso, ɗaya ba ya rayuwa sosai sai da ɗaya. Furen kuka da magariba yake buɗewa, kwana ɗaya ya bushe, jemage ne yake zuwa da dare ya sha zaƙinsa ya kai ƙurar wannan fure ga wancan. Haka ma ɗorawa. Wanda ya kori jemage ya rage wa kansa kalwa, wato ya taɓa daddawar miyarsa. Tsuntsun da ake kira sha-kauci, sunansa ma ya faɗi abincinsa. Gawo yakan zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci. Saboda haka ne sarakunan Damagaram suka taɓa hana sare shi da doka mai tsanani. Inda aka share irin waɗannan itatuwa, tsuntsaye ma sukan yi ƙaura. Gauraka, wadda ake ɗauka tsuntsuwar ƙasar nan, ta yi wuyar gani a Nijeriya. Ungulu, da ta cika kowace mahauta a zamanin iyayenmu, tun 2015 aka sanya ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce ɗalibai suna fama da rashin ruwa da wuta da tsadar abinci, ku kuna maganar furanni? Amsarmu ita ce, a cikin duk abubuwan da muke nema, wannan ne bai buƙatar kuɗi. Furen ƙasa ba ya neman ban-ruwa da rani, ba ya neman takin zamani, ba sai an ba ɗan kwangila ya kawo shi ba; baƙin furanni ne suke shanye ruwan da ɗakunan kwananmu suka rasa. Manoman jihar Maraɗi sun nuna haka tun daga 1983, da suka daina tumɓuke kututturan gonakinsu suka bar tohon ya girma. Ta wannan hanya aka farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Wasu kuma za su ce lambu matattarar macizai ce da 'yan shaye-shaye. To, wurin da mutanen kirki suka ƙaurace wa shi ne yake zama haka. In an share hanyoyi, an sa mai gadi, an ƙayyade lokacin buɗewa da rufewa, jama'a suna shiga da iyalansu, ba mai samun maɓoya.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da hukumomin da abin ya shafa a kan abubuwa huɗu. Na farko, kowane itace da kowane fure a lambun a maƙala masa allo mai sunansa da Hausa, boko da ajami, da Fulatanci da Barbarci inda aka sani, sa'an nan sunan Latin ya biyo baya. Na biyu, a keɓe wani sashe da ba za a sa masa lauje ba sai bayan watan Oktoba, lokacin da iri ya nuna ya zuba, kuma a hana cinna wuta da harbin tsuntsu da danƙo. Na uku, kowane zangon karatu a sa rana guda ta zagayen lambu, a gayyato dattawa masu magani da makiyaya da mafarauta su koyar, ɗaliban kimiyya da na harshe su rubuta abin da suka ji, a kuma biya dattawan ladan ilminsu kamar yadda ake biyan kowane malami baƙo. Na huɗu, a shata iyakar lambun a rubuce, don kada wata rana a wayi gari an yanka shi an yi wurin ajiye motoci.

Ku kuma yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, a teburinku takardun dashen itatuwa suke bi. Ran da aka kawo muku jerin abin da za a shuka a sabuwar sakatariya ko makaranta ko bakin titi, ku tambaya ina ɗorawa, ina maɗaci, ina kanya da ɗinya da marke. Tambaya guda daga bakin ƙaramin jami'i tana iya sa a dasa itacen da zai shekara ɗari.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Dattijon lambunmu ya tsufa, irinsa kuma kullum raguwa suke yi, kowanne ya tafi da sunayen da ke kansa. Ranar Asabar mai zuwa, bayan la'asar, za mu koma lambun da littafi da alƙalami mu ci gaba da tambayarsa. Duk wanda yake so ya san takalmin zomo da idonsa, sai ya same mu a ƙofar.