Arzikin Kifi Bai Tsaya a Bakin Teku Ba

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa a 2023, hankali ya karkata ga gaɓar Legas da yankin Neja Delta, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri. Sai dai wani kaso na ruwan da ke isa can daga tuddan Kudancin Kaduna yake gangarowa, ya bi Neja da Binuwai.

A kogunan wannan yanki, daga kewayen Kafanchan zuwa Gurara, masunta sun san tarwaɗa da karfasa da ƙurungu. Amma zuba guba irin su Gamalin 20, da raga mai ƙananan idanu, da laka daga ramukan haƙar ma'adinai, suna halaka kifi tun yana ƙwai. Jinsin da ya ƙare kuwa, babu kasafin kuɗin da zai dawo da shi.

Lamarin ya shafi Abuja kai tsaye, domin madatsar Gurara ce ke ƙara wa ta Usuma ruwan da mazauna birnin ke sha. Gubar da ta kashe kifi ba za ta ƙyale mutum ba.

Don haka muna kira ga ma'aikatar ta samar wa cibiyar binciken kifi ta New Bussa kuɗin ƙididdige jinsunan waɗannan koguna. Gwamnatin Kaduna kuma ta haɗa kai da sarakunan ruwa wajen aiwatar da dokar kamun kifi ta 1992. Rigakafi ya fi magani.